Shari'ar Umara da Yaron Nan

Ƙanena Umara ya raɗa wa injin casar shinkafarsa suna, yana kiran sunan safe da yamma har maƙwabta suka haddace, amma ɗansa na fari bai taɓa jin nasa sunan a bakinsa ba. Injin Rahaji ake ce mata, sunan jar saniyar da mahaifinmu ya fi ji da ita kafin ciwon bushiya ya share garken, mu tattara ƙoren nononmu mu shigo Haɗejiya. Kowa a duniya namiji yake ɗaukar inji, Umara ya ce tasa mace ce. Yaron kuwa sunansa Shu'ibu. Ni Zinariya, yayar ubansa, ni na yaye shi, a gidana ya tashi har ya yi gemu. A wurin ubansa sunansa "yaron nan".

Kada wani ya ce ƙiyayya ce. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta. Mu da muka fito daga ruga mun fi mutanen gari tsanantawa, shi kuma Umara ya fi mu duka. Wasu in ɗan ya girma sukan sassauta, ban da ƙanena. Ba ya haɗa ido da yaron, ba ya cin abinci inda yake, ba ya yi masa magana sai ta bakin wani. Wanin nan kuwa ni ce, don a ƙofar rumfar injin nake turara shinkafata ina sayarwa. Sai ka ji, "Adda, gaya wa yaron nan ya ƙara wa Rahaji ruwa," alhali yaron yana tsaye kusa da shi har rigunansu na gogar juna. Shi kuma Shu'ibu ya ce, "Goggo, ki ce na ƙara." Haka na yi shekaru ina aikin wayar tangaraho ba ko sannu, ga hayaƙi a ido, ga ƙarar inji a kunne.

Tun da na ambaci kunne, bari in faɗi abu na biyu da Umara yake jin kunyarsa. Allah ya ba shi kunnuwan mahaifinmu, manya, a buɗe, kamar an kafa faifai biyu a jikin tulu. A ruga yara suka sa shi gaba da tsokana, na sha fasa wa wasu baki a kansa. Ranar da muka shigo birni ya sayi hula haɓar-kada mai rufe kunne, bai sake cire ta a gaban mutum ba. Zafin bazarar Haɗejiya da ke sa ƙadangare neman inuwa, Umara yana cikin haɓar-kada. Wanzaminsa ma sai an rufe ƙofar zaure yake aski. Ban da shi, daga ni sai matarsa Safara'u, Allah ya jiƙanta, muka san abin da ke ƙarƙashin hular nan. Shu'ibu ya gado su tsaf, amma shi ko a jikinsa, a waje yake yawo da abinsa.

A rumfar inji Shu'ibu ne ke murɗa hannun Rahaji ta tashi, shi ke zuba shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, shi ke kwance ta ya ɗaure in ta yi gardama. Aikin Umara shi ne tarbar masu kawo casa, da goge Rahaji da tsumma yana lallashinta, da kora. Kora kam ya iya. Ɓuntu ya shiga shinkafar wata, sai a ce in gaya wa yaron nan an sallame shi. Gas ya zube ƙasa, an sallame shi. Ni kuma in juya in ce, "An sallame ka." Shu'ibu ya wanke hannu ya tafi gida, ya ci tuwona, da safe ya dawo ya murɗa hannun inji kamar ba a yi ba. Babu wanda ya taɓa ɗaukar korar nan da nauyi, har shi mai korar.

A daminar da kuɗin man fetur ya fara isowa wajenmu, kowa yana sayen rediyo da sabon keke, kogi ya cika ya batse. Wata rana matan Auyo suka zo cikin kwale-kwale da ragowar shansherar bara, buhu-buhu, suna so a cashe su koma. To Umara yana da doka: daga azahar zuwa la'asar Rahaji hutawa take yi, wai ita ma tana tuƙa kamar 'yan'uwanta shanu. Ya tafi masallaci. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, matan suka shiga roƙon Shu'ibu, don in iska ta same su a tsakiyar ruwa sai dai labari. Yaro ya ji tausayinsu, ya ƙi kashe inji.

Bel ɗin da ke juya Rahaji kuwa ya daɗe da tsufa. Shu'ibu ya sha aiko ni a sayi sabo, Umara ya yi ta kai wa baduku yana ɗinkewa. Daidai lokacin da Umara ya sa ƙafa a rumfa bel ya tsinke, ya yi fas, ya zabga wa randar ruwan sha, randa ta tarwatse, ruwa ya wanke ƙanena tun daga ƙirji har takalmi. Matan Auyo suka toshe baki da mayafi. Ni ban toshe ba, gaskiya.

Bai duba rigarsa ba. Wurin Rahaji ya nufa, ya dafa ta ya ji zafi rau, ya yi ta kiran sunanta yana yi mata sannu. Sannan ya ce in gaya wa yaron nan ya sallame shi.

Na juya zan isar, sai na ga fuskar Shu'ibu ba irin ta kullum ba ce. Ya ajiye sifana a hankali.

"Goggo, ki tambaye shi," in ji shi. "Ita da aka sayo a Kano tana da suna. Ni fa?"

Wannan saƙon ban isar ba, don babu buƙata. Umara ya ji da kunnuwan nan nasa, hula ko ba hula. Yaro ya fita.

Da safe bai koma ba. Washegari ma haka. Ashe wani kamfani da ke shimfiɗa kwalta ta hanyar Kano yana ɗaukar duk wanda ya san inji, kuma yaran garinmu da suka bi irin kamfanonin nan, daga Kano sai Kaduna, daga can sai Ikko, sai dai hotonsu ya dawo. Abu ɗaya kamfanin ya nema, takardar shaida daga wurin tsohon ubangida cewa mutum ya yi aikin inji. Shu'ibu ya aike ni in karɓo.

Na sami Umara zaune gaban Rahaji tana shiru, yana goge inda ya riga ya goge. Na faɗi saƙo. Ya ce, "Adda, in na ba shi, tafiya zai yi."

Na ce to ya tashi mu je, ga yaro can a zaurena, ya kira shi ya ce ya dawo. Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a kasuwa. Takarda ba zai bayar ba, magana ba zai yi ba. Wallahi ranar da muciya na hannuna da ya ji a jikinsa, furfura ko ba furfura.

A nan Baƙo ya shigo maganar. Baƙo tsohon masinjan kotu ne da ya bar aiki amma ya ƙi barin ƙofar kotu. Kullum yana gindin bishiyar maina cikin tsohuwar kakinsa, yana sayar wa mutane dokar da ya tsinta ta ƙofa lokacin da yake kai wa alƙalai ruwa. Shi ya gaya wa Shu'ibu cewa gwamnatin soja ta yi sabuwar dokar ma'aikata, yanzu ba a korar mutum kamar an kori kaza, sai da notis, kuma in an kai ƙara dole ubangida ya amsa cewa an yi masa aiki. Ya karɓi bandar kifi ya rubuta masa ƙorafi zuwa ofishin leba.

Da na ji na kusa shiɗewa. Ɗa ya kai ubansa ƙara! Na hana shi tuwo, na sake ba shi don ban iya ba. Na ce ya janye tun garin nan bai gama cinye mu da baki ba. Yana cin tuwon bai ɗago ba ya ce, "Goggo, ko takarda ko magana. Ɗaya dai zan samu."

Tsautsayi ya sa ranar da ma'aikacin ofishin leba ya zo bincike, ni ina Miga wajen ta'aziyya. Matan da ke jiran ko za a gyara inji su suka ba ni labari. Wani saurayi ne ya zo a kan babur, da alƙalami a aljihu, ba ɗan ƙasar nan ba. A gaban mata ya tambayi Umara, shi wannan Shu'ibu mene ne a wurinsa. Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce wani yaro ne da ke ta da inji. Aka ce ma'aikacinsa ke nan? Ya ce yana dai aiki. Aka ce ko danginsa ne? Ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya ce yaron Zinariya ne. Matan suka yi ta ƙyalƙyala dariya, don su sun gane kunya ce ke magana. Saurayi kuwa ya rubuta yadda ya ji, ya shafa wa Umara tawada a babban yatsa ya dangwala. Ba a jima ba sammaci ya iso.

Da na dawo na ji, sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga saboda faɗan da na yi. Na ja Umara zuwa gindin maina, don duk garin ba mu da wani lauya sai Baƙon nan dai. Baƙo ya gyara zama, ya karɓi bandar kifi daga hannun Umara shi ma, ya ce ai shari'ar nan ba ta da wuya. Dokar ma'aikata ba ta shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Wanda ke taya ubansa sana'a ba lebura ba ne, ba notis, ba takarda. Abin da kawai Umara zai yi shi ne ya tsaya gaban majistare ya ce ɗansa ne, shi ke nan an gama. In kuwa bai faɗa ba, dangwalen yatsansa zai kayar da shi, a ba yaro takarda ya kama hanya.

Na tambayi Baƙo ko ba ya jin nauyin cin kifin ɓangare biyu. Ya ce doka gefe biyu gare ta, shi kuma Allah ya sa ya san duka biyun.

Muka shiga koyo. Na zaunar da Umara a rumfar inji, na kori kowa, na ɗaura ɗankwali a kan turmi na ce ga majistare. Ya tsaya, ya gyara murya, ya buɗe baki, ya rufe. Na ce ya sake. Ya ce shi yaron nan ɗan mutunci ne. Na ce ba shi aka tambaye shi ba. Ya ce yaron nan jikan mahaifinmu ne. Na ce mahaifinmu jikokinsa sun cika Birniwa, ya faɗi ta wane ɗa. Ya ce ta wajen ƙanen Zinariya. Na ce ƙanen Zinariya wane ne? Ya ce in bar shi ya sha ruwa. Mutumin da turmi ya gagare shi, ina ga ɗakin shari'a cike da jama'a? Na kwance ɗankwalina na tafi gida, na sami Shu'ibu ya riga ya ɗaure ƙunshin kayansa ya ajiye bayan ƙofa. Ranar ban iya cin abinci ba.

Ranar shari'a kotu ta cika maƙil. Matan Auyo suka cika kwale-kwale suka zo, wai su ma shaidu ne, alhali kallo ya kawo su. Majistare daga Kano yake zuwa mana lokaci-lokaci, sunansa Bitrus, mutumin ƙasar Jos, dattijo mai sanyin magana. Ruwa ya yanke hanya a bayan gari, sai da ɗan fito ya haye da shi. Ya shigo kotu da takalmansa a hannu, ƙafar wando a naɗe. Motar kamfanin kwalta ma a hayin ruwan take tsaye, da yamma za ta kwashi sababbin ma'aikata.

Aka kira ƙara. Shu'ibu ya tsaya a dama yana kallon yatsun ƙafarsa, Umara ya tsaya a hagu yana kallon azara. Majistare ya tambayi Shu'ibu wa yake ƙara. Ya ce mai injin. Aka ce mai injin ba shi da suna? Ya ce yana da shi, ranka ya daɗe, daga nan ya yi shiru, don shi ma ai ba zai kama sunan ubansa ba. Majistare ya juya wurin Umara ya ce ko ya san mai ƙara. Ƙanena ya waiwayo yana nemana a cikin jama'a.

"Adda, gaya masa..."

Na miƙe na ce ya ce ya san shi. Majistare ya tambayi ko ni wace ce. Na gaya masa, na kuma ƙara da cewa ni ce bakinsu su biyun tun yaron yana rarrafe. Ya ce ya gode, amma kotu daga bakin mai baki take ji, in zauna. Na zauna. Ya tambayi Shu'ibu ko an ba shi notis kafin a kore shi. Yaro ya waiwayo ya ce, "Goggo, ki ce..." Na miƙe. Aka ce in zauna. Ya tambayi Umara ko gaskiya ne ya kori mai ƙara. Kafin ya waiwayo na riga na miƙe ina bayanin cewa korar Umara ba kora ba ce, kamar tari ce, takan zo masa ta wuce. Majistare ya ce da ɗan sanda ya raka Goggo waje ta sha iska.

Ni Zinariya aka fitar daga kotu, ɗan sandan da na san uwarsa tun tana tallar gyaɗa! Na gaya masa haka kuwa. Na zagaya na kama taga, na ture wani mai tallar rake, na sa kaina.

Majistare ya cire tabarau ya goge. Ya ce tun da ya shiga jirgi ɗan fito ya ba shi labarin nan kaf, yana dariya har ya kusa kifar da su. Ya ce shi ma a Arewa aka haife shi, ya san kunyar ɗan fari, ba ya raina ta. Amma ba a ba shi ikon yin hukunci da hirar ɗan fito ba. A gabansa ga takarda da yatsan Malam Umara, tana cewa mai ƙara yaro ne mai yi masa aiki, ɗan gidan wata. Wanda ya dangwala shi kaɗai zai warware. In bai warware ba, kotu za ta ɗauka ma'aikaci ne aka kora ba notis, a ba shi haƙƙinsa, a rubuta masa shaidar aiki yau ɗin nan, mai inji ya sa hannu.

"Malam Umara," in ji shi, "mene ne wannan a wurinka?"

Umara ya buɗe baki. Gumi ya ɓullo daga ƙarƙashin haɓar-kada ya gangaro ta gemu yana ɗiga a kan riga. Ya rufe bakin. Ya sake buɗewa, babu abin da ya fito sai iska. Daga taga ina ta yi masa alama da hannu kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa, bai ko kalle ni ba.

Majistare ya jira, ya ƙara jira, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ɗauki alƙalami. A lokacin na dubi Shu'ibu. Yaron da ya ci shari'a, maimakon murna sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya ƙanƙance kamar ranar da aka kawo mini shi yaye. Nan na gane bai taɓa son takardar nan ba. Zuciyata ta karye, na ji haushin ƙanena, na ji tausayinsa, duka a lokaci guda.

Sai Umara ya motsa. Ya taka daga hagu zuwa dama, ɗan sanda ya yunƙura zai tare shi, majistare ya ɗaga hannu. Umara ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Shu'ibu, dukansu suna fuskantar teburin shari'a. Ya ɗaga hannu biyu, ya kama haɓar-kada, ya cire.

Kunnuwan nan suka buɗe, ɗaya ta nan ɗaya ta can, sun yi fari saboda rashin ganin rana. Ga na Shu'ibu a gefe, baƙaƙe, amma girman ɗaya, lanƙwasar ɗaya, har ɗan tsagin da ke saman na hagu. Kunne huɗu a jere, kamar an shanya su.

Wata tsohuwa daga Auyo ta ce, "Ashe!" Shi ke nan kotu ta fashe. Mutane suna riƙe ciki, ɗan sanda ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na rawa, akawun kotu ya kifa kai a kan tebur. Majistare ya cusa hankici a baki ya yi kamar tari ne. Umara yana tsaye bai motsa ba, idonsa a rufe, dariyar da ya gudu tun yana yaron kiwo tana zuba a kansa a tsakiyar Haɗejiya.

Da aka lafa, majistare ya ce, "Malam Umara, na gani. Tun da nake aikin nan ba a taɓa kawo mini shaida mai girman wannan ba. Amma akawuna bai iya zane ba. Ka ba shi kalma ya rubuta."

Na ce a raina, mutumin nan kashe shi zai yi. Amma ina jin wanda ya riga ya tsaya ba hula a gaban garinsu, sauran abin ya yi masa sauƙi. Ƙanena ya buɗe ido, bai kalli kowa ba.

"Nawa ne," in ji shi.

"Naka me?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Na fari." Ya matse hular a hannu. "Kada a bar shi ya tafi."

Babu wanda ya sake dariya. Shu'ibu ya rufe fuska da hannun riga. Ni kuma mai raken da na ture shi ya miƙo mini tsummansa in share ido, na karɓa duk da dattinsa.

Majistare ya ce akawu ya rubuta cewa wanda ake ƙara ya warware maganarsa ta farko. Mai ƙara ɗan gida ne, dokar ma'aikata ba ta hau kansa ba, an kori ƙara. Sannan ya dubi Umara ya ce abu ɗaya ne kotu ba ta da iko a kai, wato hana baligi tafiya inda yake so. Da takarda ko ba takarda, kamfanoni suna da yawa. Wannan tsakaninsu ne.

A waje Baƙo ya riga ya tara mutane yana shelar cewa ya ci shari'a. Umara ya fito da hula a hannu, ya manta bai mayar ba. Shu'ibu yana biye da shi nesa kaɗan. Masu zuwa motar kamfani suna wucewa da ƙunshinsu sun nufi bakin ruwa, wani ma ya kira Shu'ibu ya ce ya yi sauri. Ƙanena ya juyo wurina.

"Adda, gaya wa..."

Na ce na ajiye aiki daga yau, ba kuma notis, in yana da ja ga Baƙo can. Na naɗe hannu na koma gefe.

Ya tsaya a rana. Ya murɗa hula, ya warware ta. Yaro yana tsaye yana jira. Can sai Umara ya dubi ƙasar da ke tsakaninsu, ya yi magana kamar wanda ake cire wa ƙaya.

"Bel ɗin nan, ka je Kano ka sayo sabo." Ya ƙara murɗa hular. "Ka dawo."

Shu'ibu ya ce to, ba tare da ya waiwayi Goggo ba. A motar kamfanin nan ma ya roƙi a rage masa hanya, don babu wata. Ƙunshin kayansa kuwa ya bar shi bayan ƙofata. Duk da haka Umara bai sami sukuni ba. Kullum yana bakin ruwa wai ya zo duba cikar kogi, 'yan fito suna gaishe shi suna satar kallon hularsa. Ranar kasuwa sai ga Shu'ibu a cikin jirgi, da sabon bel rataye a wuya. Umara yana hango shi ya juya ya koma rumfa da sauri, ya zauna yana goge Rahaji, wai shi bai ga komai ba.

Kada ku ɗauka ya sauya hali. Hula ta koma inda take, sunan yaro har yau bai fito ba, Rahaji kuma tana nan tana tuƙa daga azahar zuwa la'asar. Kaka ta yi, sabuwar shinkafa ta shigo, aiki ya yi yawa. Wata rana da hantsi ina gida ina tsince tsakuwa, sai ga Shu'ibu ya shigo hannunsa duk baƙin mai, baki har kunne, kuma kun san nisan da ke nan. Na ce lafiya, ya baro inji da rana tsaka?

"Goggo, ya kore ni," in ji shi. "Da bakinsa."

Na zuba masa tuwo.